Daga Ina Gurbin Ya Fito?

Hotuna biyu likitan ya jera mana a fuskar kwamfuta, wata goma tsakaninsu. Na hagu a Alƙahira aka ɗauke shi, ranar da aka gama yi wa Gwaggo aiki. Jijiyar jini ta miƙe sumul, a gefenta wani dunƙule kamar an cukuikuye zare an cusa a rami, jini yana wucewa ko leƙa ciki bai yi ba. Na dama a Kano aka ɗauka a makon nan. Dunƙulen yana nan, amma a gindinsa, daidai inda ya haɗu da jijiyar, ga wani ɗigo mai haske da bai fi ƙwayar dawa ba. Likitan ya ɗora bakin biro a kansa, ya ce jini ya sake samun wurin shiga.

Babban ɗan Gwaggo ne ya fara magana. Taubashina ne, ko a gona ko a taron suna ba ma raga wa juna, amma ran nan babu wasa a bakinsa. Shi ya sayar da gona da shanun huɗa biyu, dangi suka yi karo-karo, kafin kuɗin zuwa Masar su haɗu.

"Likita, ce mana aka yi an toshe. Abin da aka toshe ta ina zai buɗe? Ko dai mai araha suka sa mata?"

Likitan ya ce a kwantar da hankali, abin yakan faru kuma ba na gaggawa ba ne. Layi ya cika a waje, bai samu sukunin dogon bayani ba, ya ce mu dawo bayan mako uku. Muna shiga mota taubashin nawa ya miƙo mini ambulan ɗin takardun asibiti. "Kai ka yi boko. Duba mana ko an cuce mu." Na ce, "To, Yaya." Makonni ukun nan a kan takardun na yi su, da abin da na iya samu na rubuce-rubucen likitocin fannin.

Abin ya faro ne da kaka a Kanya Babba, ana tsakiyar kakkaɓar riɗi. Gwaggo ta sunkuya za ta ɗaga buhu, sai ta dafe ƙeya ta ce an sare ta da gatari. Ta yi amai, wuyanta ya sandare, hasken rana ya zame mata azaba. Wayewar gari fatar idonta na dama ta sauko ta rufe idon ruf, in an ɗaga ta da yatsa sai a ga ƙwayar idon ta karkace waje. Masu zuwa dubiya kowa da fassararsa. Wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce gamo ta yi, wasu suka ce sanƙarau. Ma'aikacin lafiyar da ya duba ta ya ce jikinta ba zafi, sanƙarau kuma ya fi zuwa da bazara, amma jininta ya hau ƙwarai. Ya ce kada a sake kwana, a bi hanyar Kunya a kai ta Kano. Har gobe ina yi wa mutumin nan addu'a.

A Kano hoton kwamfuta ya nuna jini ya zuba a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa. Da aka sa mata rini a jijiya aka sake ɗauka, sai ga mafarin: wani ƙululu a jikin jijiyar da ke bayan idon dama, faɗinsa milimita 9, kamar ɗan magarya. Shi ya danne jijiyar da ke ɗaga fatar ido, shi kuma ya tsage ya zubar da jinin. Likitoci na ce masa aniyurizim. Duk wanda ya taɓa ganin tayar keke ta yi ƙwai a inda ta sirance ya ga kamanninsa. Kimanin mutum 3 cikin 100 na manya suna yawo da irinsa a ka ba su sani ba, kuma akasarinsu har su bar duniya ba zai fashe ba. Hawan jini da shan taba suna haifar da shi suna kuma fasa shi, ya fi kama mata, yana bin jini a wasu gidaje, ana kuma yawan ganinsa ga masu sikila. In ya fashe, kusan ɗaya cikin uku ba sa tashi. Wanda ya tsallake na farko kuwa, fashewa ta biyu ake gudar masa, don ta fi muni.

Hanya biyu ake rufe shi. Tsohuwar ita ce a buɗe ƙoƙon kai a matse wuyan ƙululun da ɗan ƙarfe mai kamar matsefata, aikin da Walter Dandy ya fara a Amurka a 1937. Sabuwar ba a taɓa kai. Ta gindin cinya ake zira siririyar mesa a cikin jijiya, a bi da ita ta ciki, ta ƙirji, ta wuya, har bakin ƙululun, ana kallo a allo. Sai a riƙa tura wata lallausar waya murɗaɗɗiya, kaurinta bai kai rabin milimita ba, tana naɗewa a ciki. Ita ake kira kwayil, sunan da masu gyaran janareta suka sani. An auna hanyoyin biyu a wani babban gwaji mai suna ISAT, wanda Andrew Molyneux da Richard Kerr suka jagoranta daga Ingila, a kan majinyata 2,143 da ƙululunsu ya fashe. Sakamakon da ya fito a 2002 ya nuna bayan shekara guda kashi 23.7 cikin 100 na waɗanda aka sa wa kwayil sun rasu ko sun kasa kula da kansu, a ɓangaren buɗe kai kuwa kashi 30.6. Don haka zaɓen kwayil da aka yi wa Gwaggo ba kuskure ba ne. Wannan na fara cirewa daga zargi.

Zargi na gaba shi ne tun farko ba a toshe da kyau ba. Takardar Alƙahira ta amsa wannan. Akwai wani ma'auni da likitocin Montiriyal a Kanada, Daniel Roy da Jean Raymond, suka shimfiɗa a 2001, kuma shi kowa ke amfani da shi. Mataki na 1 yana nufin an rufe ruf, na 2 akwai ɗan saura a wuya, na 3 jini yana shiga har cikin tumbin ƙululun. Takardar ta ce 1. Hoton hagu ma haka ya nuna, gani ya kori ji. Rahoton Kano ya ce 2. Ke nan gurbin daga baya ya zo.

Na yi tunanin ko wayar ce ta zame ta bi jini. Amma da ta zame da ta toshe wata jijiya a gaba, da Gwaggo ta samu shanyewar ɓarin jiki, ga ta kuwa tana shara tana dama fura. Rahoton Kano ma ya ce dunƙulen yana wurinsa cif. Sai dai akwai wata kalma a cikinsa da na wuce ta sau biyu ban tsaya ba. Ya ce dunƙulen ya matse.

Na koma takardar Alƙahira na bi ta layi-layi. An jera kwayil takwas da tsawon kowanne, na haɗa lissafi ya ba ni mita ɗaya da ɗoriya. Waya mai tsawon sandar makiyayi a cikin ɗan magarya! A ƙasa kuma an rubuta yawan wurin da ƙarfen ya cika: kashi ɗaya cikin biyar. Gabana ya faɗi. Na ce shi ke nan, maganar Yaya ta tabbata, an yi mana aikin ha'inci, an cika ɗaya an bar huɗu. Saura ƙiris in kira shi a daren. Allah ya sa na ƙara karatu. Ashe ko a hannun gwani, a mafi kyawun asibitin duniya, wayar filatinam ba ta cika wuce kashi 20 zuwa 30 da 'yan kai na cikin ƙululu. In ka naɗe igiya ka cusa a tulu har ta ƙi shiga, ka zuba ruwa, za ka ga yawan ruwan da tulun zai sha. Abin da ke cike sauran wurin jini ne da ya daskare a tsakanin wayoyin. Aikin wayar ta rage wa jini gudu har ya yi guda, ta kuma zama tanka da jiki zai yi yaɓe a kai, gudan jinin ya rikiɗe ya zama tabo, fata ta shimfiɗu a bakin ƙululun.

To a nan gizo ke saƙa. Jiki yana narkar da gudan jini, kuma ba kullum tabo ke riga narkewar ba. Zuciya kuwa tana bugawa kimanin sau 100,000 a rana, kowane bugu yana turo jini ya doki bakin dunƙulen.

Da na je gida ƙarshen mako na zauna da Gwaggo a rumfa ina ƙoƙarin yi mata bayani, ina kame-kame da hannu. Ta bar ni na gama, sannan ta aiki jikarta ta ɗauko mata matashin kai daga ɗaki. Ta miƙo mini. Gefensa a cike, tsakiyarsa ta lotsa ta zama kamar faifai.

"Babana," haka take kirana don sunan mahaifinta gare ni, "wannan da hannuna na ɗura masa audugar rimi bara har ɗinkin yana neman ɓallewa. Ba wanda ya ɗebi ko ƙwaya. Kai ne kawai ke hawa kansa kullum dare. Abin da kake son faɗa ke nan?"

Abin da nake son faɗa ke nan. Ba a cire komai ba, ba abin da ya zame. Dukan jini ne ya danna wayar zuwa ƙuryar ƙululun, wuri ya buɗe a bakin. Kuma Gwaggo ba ita kaɗai ba ce. A 2009 wasu likitocin Holan sun tattara rahotannin ƙululu sama da 8,000 da aka sa wa kwayil, suka tarar kusan ɗaya cikin biyar ya sake buɗewa, kusan ɗaya cikin goma sai da aka sake yi masa aiki.

An gano yadda gurbin ya fito, amma tsugune ba ta ƙare ba. Tambayar Yaya tana nan: da wani irin kwayil aka sa, da hakan ta faru? Takardar ta ce na Gwaggo filatinam ne zalla, ba a shafa masa komai ba. Kuma lallai akwai waɗansu iri, sun fi tsada.

Kwayil na farko da ake tsinkewa da wutar lantarki wani likitan Italiya ne ya ƙirƙiro shi, Guido Guglielmi, mutum mai sha'awar harkar lantarki. Niyyarsa ta farko ita ce ya daskarar da jinin cikin ƙululu da ƙaramar wutar lantarki. Yana cikin gwaji ya lura wutar tana cinye bakin wayar baƙin ƙarfen da yake amfani da ita. Abin da ya zo a matsayin cikas shi ya zama mabuɗi. Da ya koma jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas, shi da Fernando Viñuela da injiniya Ivan Sepetka suka liƙa lallausan filatinam a bakin wayar ƙarfe. Likita zai tura, in bai zauna daidai ba ya janyo ya sake, in ya gamsu sai ya ba da wuta, mahaɗin ya cinye, kwayil ya tsinke ya zauna. An fara sa wa ɗan Adam a 1990, hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 1995. An zaɓi filatinam ne don yana da laushi, yana fitowa sarai a hoto, ba ya tsatsa, jiki kuma ba ya faɗa da shi. Wannan hali na ƙarshe shi ne alherinsa, shi ne kuma aka zarga. Tunda jiki bai damu da shi ba, ba ya gaggawar yin tabo a kansa.

Sai masu bincike suka ce to a tsokani jikin. A jami'ar nan dai, wani likita ɗan Japan, Yuichi Murayama, ya naɗe siririn filatinam da irin sinadarin zaren ɗinkin tiyata, wanda ke narkewa da kansa a jiki cikin kimanin wata uku. Yana narkewa yana janyo ƙwayoyin jiki masu gina tabo. An gwada a aladu, ƙululun ya warke da kaurin tabo abin sha'awa. Aka sa masa suna Matrix, ya shiga kasuwa a 2002. Wani kamfanin ya fito da nasa mai suna Cerecyte, shi kuma a cikin ramin murɗin ya zira zaren mai narkewa. Da ina wurin a lokacin da ni ma na gaskata, don hujjar ta hau hankali daram.

Hanya ɗaya ce ta raba gardama irin wannan, ita ce ƙuri'a. In aka bar likita ya zaɓa, zai iya ba masu sauƙi sabon kwayil ya bar masu wuya da tsoho, ko akasin haka, lissafi ya gurɓace. Don haka sai a tara majinyata da yardarsu, ƙuri'a ta raba su gida biyu, waɗanda za su duba hotunan daga baya kuma a ɓoye musu wane ne aka sa wa wane. Gwajin Cerecyte, a kan mutum 500, ya fito a 2012: kashi 59 cikin 100 na Cerecyte sun rufe yadda ake so, na filatinam zalla kashi 54, tazarar da dace kaɗai zai iya kawowa. Gwajin Matrix mai suna MAPS, ƙarƙashin Cameron McDougall, a kan mutum 626, ya fito a 2014: ƙululun ya dawo da matsala ga kashi 13.3, na zalla kashi 14.6. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ba ta yi ba.

Me ya faru tsakanin alade da mutum? Ƙululun alade ɗinka shi ake yi da hannu a jijiyar wuyan dabba mai ƙuruciya da lafiya, kuma irin wannan ƙululu yana da saurin daskarewa ya warke ko ba a yi masa wani abin kirki ba. Na mutum kuwa bango ne da ya shekara yana lalacewa. Sannan Matrix na farko, kusan kashi 70 na kaurinsa zaren mai narkewa ne. In ya narke tabo bai kama ba, ƙarfen da ya rage bai kai na kwayil zalla ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shekara goma sha biyun da ke tsakanin 2002 da 2014. Duk tsawon lokacin ana sa wa mutane, ana biyan ƙarin kuɗi, kafin amsar ƙuri'a ta fito. Na tuna gonar da Yaya ya sayar. Da wannan irin aka sa wa Gwaggo da ya biya ƙari, da kuma ya dawo gida yana ganin an sa mata mafi kyau, alhali ba abin da ya ƙaru.

Dabara ta biyu ba ta nemi taimakon jiki ba. Ta ce tunda matsalar gurbi ce, a cike gurbin. Manomi ya san wannan: in ruwan fartanya ya yi lako-lako a ƙota, sai a jiƙa ta a kwana, itacen ya sha ruwa ya kumbura ya kama ƙarfen gam. Kamfanin MicroVention ya lulluɓe filatinam da wani danƙo mai shan ruwa, dangin abin da ke cikin kunzugun jarirai na zamani. A bushe yake shiga, ya gamu da jini ya kumbura ninki da dama cikin kimanin minti 20, kuma ba ya narkewa. Sunansa HydroCoil.

Gwajinsa na farko, HELPS, wanda Philip White ya jagoranta daga Birtaniya a kan mutum 499, ya fito a 2011. Sakamako marar kyau ya samu kashi 28 cikin 100 na masu kumbura da kashi 36 na zalla. Tazarar ta nuna alama, amma ba ta kai wadda za a rantse a kanta ba. Ga kuma wani abu da ya ɗaga hankali: cikin waɗanda ƙululunsu bai fashe ba, mutum biyar na ɓangaren mai kumbura ruwa ya taru musu a ƙwaƙwalwa ba a san dalili ba, a ɗaya ɓangaren mutum ɗaya. Likitoci ma ba su ji daɗin aiki da shi ba. Yana da tauri, kuma da ya taɓa jini agogo ya fara ƙirga, cikin kimanin minti biyar in ba ka zaunar da shi ba ya kumbura ya ƙi komawa cikin mesa. Ka tuna a cikin ƙululu mai bango kamar fatar albasa ake wannan aiki.

Sai aka juya ƙirar. Maimakon danƙon ya lulluɓe wayar ta waje, aka sa shi a cikin ramin murɗin, ya kumbura kaɗan, wayar ta yi laushi, likita ya samu lokaci. Wannan sabuwar ƙira ita aka auna a Faransa da Jamus a gwajin GREAT, ƙarƙashin Christian Taschner, a kan mutum 513 masu ƙululu na milimita 4 zuwa 12. A 2018 aka ga sakamako marar kyau ga kashi 19.9 na mai kumbura, kashi 28.7 na zalla. A 2020 gwajin HEAT na Bernard Bendok, a asibitoci 46 na Amurka da Kanada a kan mutum 600 masu ƙululu na milimita 3 zuwa 14, ya tarar ya sake buɗewa ga kashi 4.4 kawai na mai kumbura, kashi 15.4 na zalla. Karon nan tazarar ta wuce dace, kuma haɗarin aikin bai ƙaru ba.

Na Gwaggo milimita 9 ne, yana tsakiyar waɗannan ma'aunai. Dole na gaya wa Yaya gaskiya: akwai ƙamshin gaskiya a zarginsa. Irin kwayil yana da tasiri. Amma na roƙe shi ya saurari girman tasirin. In aka bi lissafin GREAT, sai an sa wa mutum goma sha ɗaya ko sha biyu mai kumbura kafin mutum ɗaya ya tsira daga abin da da zai same shi da na zalla. Sauran, waɗanda za su warke da kowanne za su warke, waɗanda nasu zai buɗe da kowanne zai buɗe. Kuma na zallan ba jabu ba ne, shi ne wanda aka yi ISAT da shi, shi aka fi sa wa mutane a duniya.

Ya yi shiru, sannan ya ce, "To a koma a ƙara mata mai kumburan." Wannan ma an auna. Jean Raymond ya jagoranci gwajin PRET a kan mutum 447 da aka zaɓo don nasu ya fi taurin kai, wato masu ƙululu na milimita 10 zuwa sama da waɗanda nasu ya riga ya sake buɗewa. Sakamakon 2017 ya nuna kusan rabi a kowane ɓangare ba su samu yadda ake so ba, mai kumbura bai fi na zalla ba. Inda aka fi bukatarsa, nan ya gaza nuna fifiko.

Wannan ya mayar da ni kan wata tambaya da na ajiye. Me ya sa na wasu ke matsewa na wasu ba ya yi, alhali waya iri ɗaya ce? A 2004 Menno Sluzewski da abokan aikinsa a Holan sun auna ƙululu 145, suka ga a ƙanana da matsakaita, in ƙarfe ya cika sama da kashi 24 cikin 100, bayan wata shida ba a ga matsewa ba. Na Gwaggo kashi 20 ne. Gwajin MAPS ma, da ya kasa nuna fifikon Matrix, ya fito da abin da ya fi shi amfani: abubuwan da suka fi nuna wanda nasa zai dawo su ne girman ƙululun, faɗin wuyansa, ko ya riga ya fashe, da ko an bar jini yana shiga ciki a ranar aiki. Na sake buɗe takardar. Wuyan na Gwaggo milimita 5. Likitoci na kiran wuya mai faɗi daga milimita 4.

Da wannan na koma wurin likitan Kano ranar da ya ba mu, kuma ran nan ya samu lokaci. Na tambaye shi me ya hana na Alƙahira ya ƙara kwayil biyu ko uku ya haura 24. Ya ɗauki takarda ya zana tulu mai ƙaramin baki da akushi. Ya ce a tulu kana iya dannawa, bakin zai riƙe. A akushi in ka matsa, wayar za ta tuɗo cikin jijiya ta toshe wa ƙwaƙwalwa jini. Ana iya sa wata raga ta ƙarfe a cikin jijiyar ta tare bakin, amma mai raga dole ya sha magungunan hana jini daskarewa, kuma ba a son ba wa wanda jini ya zuba masa a ka ba da jimawa ba. Ga bangon da ya riga ya tsage sau ɗaya, kowace waya da aka ƙara tana iya huda shi a kan teburin aiki. Ya ce shi ma da nan zai tsaya. Burin ranar a hana fashewa ta biyu, kuma an hana.

Yaya ya tambayi abin da ya hana shi barci: ɗigon nan zai fashe? Likitan ya ce inda ƙululu ke tsagewa yawanci can ƙuryarsa ne, kuma ƙuryar a cushe take. Abin da na karanta ya yi daidai da maganarsa. An bi majinyatan ISAT na Birtaniya su 1,644 tsawon shekaru 10 zuwa 18. Bayan shekarar farko, ƙululun da aka yi wa aiki ya sake zubar da jini ga mutum 13 na ɓangaren kwayil da mutum 4 na ɓangaren buɗe kai, kuma duk da haka bayan shekara goma na kwayil sun fi yawan waɗanda ke raye. A gwaje-gwajen mai kumbura ma, abin da ya bambanta shi ne abin da hoto ke nunawa. Yawan waɗanda suka rasu ko suka nakasa bai bambanta ba. Ban raina kyawun hoto ba, don a wurinmu kowane "ya sake buɗewa" yana iya zama wata gonar da za a sayar da wani tikitin jirgi. Amma ɗigo a hoto daban, gatari a ƙeya daban.

Likitan ya juya ga Gwaggo. "Mama, kina shan maganin hawan jinin kuwa?"

Ta sunkuyar da kai ta ce da ta ji sauƙi ta ajiye, ta ga kuɗin sun yi wa yaron nan yawa. Ɗan fari ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta ko kalli inda yake ba. Yaya ya rufe fuska da hannu. Likitan bai yi faɗa ba. Ya ce hawan jini yana cikin abin da ya haifar da ƙululun tun farko, kuma mai ɗaya yana iya yin wani, don haka maganin nan ba a ajiye shi ko an ji garau. Game da ɗigon kuma, ya ce mataki na 2 in bai girma ba kallonsa ake yi. In ya girma har jini ya shiga tumbin, a lokacin za a zauna a zaɓa tsakanin ƙarin kwayil da raga da matsewa ta buɗe kai, kuma yanzu da tsagar ta daɗe da warkewa ragar ta halatta.

Bayan wata shida muka sake bin hanyar Kunya da asuba. Kwalin maganin yana ɗaure a bakin zanenta, na ga ta ɓalli ɗaya ta haɗiya da ruwan buta kafin mu tashi. Idon daman ya buɗe, sai ɗan nauyi da ke zuwa mata da yamma. Aka shigar da ita injin maganaɗisu mai ƙara, muka zauna a benci ni da Yaya ba mai cewa uffan. Da hoton ya fito likitan ya jera shi kusa da na baya, ya ja ma'auni a kan ɗigon, ya sake ja a kan ɗayan. Milimita 2 a wancan, milimita 2 a wannan. Ya ɗauki ambulan ɗin ya rubuta a bayansa watan da za mu dawo baɗi, ya miƙa wa Gwaggo, ita kuma ta miƙo mini in riƙe.